In Ya Wuce Zan Gaya Maka

Laraba, 1 ga Oktoba, da hantsi

Harisu ya dawo shekaranjiya. Ga shi na rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, abin da ba na yi a gaban mutane, don in gani da idona cewa mijina yana gida. Har yanzu in na juya na hango shi a kan tabarma sai gabana ya faɗi kamar na ga baƙo.

Ba zan rubuta inda ya yi waɗannan makonnin ba. Duk Kankia an san ranar da aka tare motarsu a hanya, an kuma san ko su wane ne. Ni abin da na sani, ya fita da takalmi da waya da ɗan tumbinsa da nake tsokana, ya dawo babu ko ɗaya.

Gida ya cika da 'yan barka. A shigo a ce "barka da arziki," a nemi wuri a zauna a zuba masa ido. Wata har da matsowa tana cewa, "To, mi suke ba ku ku ci?" Na ce mata shinkafa da kaji, in tana sha'awa a yi mata hanya. Ta fita tana cewa Rauda ba ta da kunya. Ban musa ba.

Bai ce uffan ba tun da ya shigo. Da kai yake amsa gaisuwa. 'Yarmu Ummi na aika da ita Kafin Soli wurin mahaifiyata, saboda jiya ta lallaɓo ta bayansa ta rufe masa ido da tafin hannunta, wasan da suka saba. Abin da ya biyo baya ba na so ta sake gani.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Bai je ba. Ya yi wanka, na goge masa farar shaddarsa, ya ɗaga ta zai zura kai, sai ya tsaya da hannuwa a sama. Ya daɗe a haka. Daga baya ya ninke ta a hankali ya ajiye, ya koma tabarma da singileti.

Na ɗauki almakashi na tsaga gaban rigar daga wuya har ƙasa, na hau keke na jera mata maɓallai. Tun da na fara ɗinki ban taɓa lalata shadda mai kyau irin wannan da hannuna ba. Da ya sa na ce masa, "Baban Ummi, yanzu sai allura ta rage, ka zama likita." Bai yi dariya ba, amma ya ɓalle maɓallan da kansa har na wuya.

Ba ya barci. Ƙwayar da aka ba shi a asibiti na tsince ta ƙarƙashin tabarma.

Asabar, 4 ga Oktoba, da la'asar

Abokinsa Ɗanmaliki, wanda ya riƙe masa shago duk tsawon lokacin nan, ya kawo kwamfutar shagon gida, wai ko zai ɗan ɗebe kewa. Shagon turi mijina ke da shi a bakin tasha, inda ake tura wa mutane fina-finai a waya. Direbobi, 'yan makaranta, matan aure da ke aiko da memori a ƙulle a leda, kowa wurinsa yake zuwa, domin ba ya tura abin da bai fara kalla ba. Zai ce maka wannan kada ka kunna a gaban yara, wannan bos ɗin bai mutu ba ɓata lokaci ne, wannan kuma ka ci abinci tukuna. Ba ya riƙe sunan fim. Laƙabi yake sa musu: na likita mai ɓoye gawa, na 'yan fashin banki masu rigar limamai, na tsohuwar da ke kiwon maguna. Ni ma haka na koya.

Baban Ummi ya jawo kwamfutar, bai yi dube-dube ba, ya buɗe na tashar jirgi.

Tsohon fim ne na Turawa, fassarar zamanin kaset, murya ɗaya ke yin miji da mata da tsohuwa. An tura wani ma'aikacin jirgin ƙasa da matarsa da karensu wata tashar daji da jirgi ya daina tsayawa. Duk sanda aka ji usur ɗin jirgi, wani abu yana leƙowa ta taga. Ko mene ne ke leƙowa, ni Rauda ban sani ba.

Dalili kuwa, ni matsoraciya ce ta bugawa a jarida, kuma na auri mai son fim ɗin ban tsoro. Tun ina amarya muka yi sulhu. In wurin tsoro ya matso sai ya ce "Rufe," ya ɗora tafinsa a idona. Ina jin ihu da kiɗa, ina shaƙar ƙamshin ɓawon lemo a hannunsa. In an gama ya ce, "Buɗe, ya wuce." Sau ɗaya ya taɓa yi mini wayo ya ce ya wuce alhali bai wuce ba. Na yi ƙarar da ta tara maƙwabta, na kwana na wuni ban kula shi ba, sai da ya rantse ba zai ƙara ba. Bai ƙara ba kuwa. Duk fina-finan tsoron da na sani a duniya masu giɓi ne.

Yau na zauna kusa da shi. Aka busa usur. Na jira ya ce rufe, bai ce ba. Na rufe da kaina, na kuma rasa wanda zai gaya mini lokacin buɗewa, sai na tashi na tafi wanke-wanke.

Litinin, 6 ga Oktoba, da safe

Na tashar jirgi. Bai yi magana ba, bai yi barci ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Babur ya wuce ta bayan katanga, irin mai fasasshen salansa. Kafin in ɗago daga keke Baban Ummi ya riga ya shige bayan ƙofa ya manne da bango, zufa na zuba. Sai da na leƙa waje na dawo na ce ɗan acaɓa ne ya ɗauko buhun gero, sannan ya fito. Ya koma wurin kallonsa. Can aka busa usur, matar fim ta kurma ihu, ni da ke tsakar gida sai da allura ta soke ni. Shi ko gezau.

Wannan ne ya ɗaure mini kai. Ɗan acaɓa ya fi aljani ban tsoro?

Kuma ina jin haushi, gara in faɗa. Na yi azumi, na yi kuka har idona ya ƙanƙance, na daina kitso, ya dawo ya zauna yana kallon matar wani a tashar jirgi. In fim ya ƙare ya mayar da shi farko. Na haddace muryar mai fassarar nan har ina jin ta a cikin ƙarar keke.

Da na kai masa kunu ya riƙe gefen zanena, bai kalle ni ba. Na tsaya har kunun ya huce. Haushin ya tafi ya bar ni da kunya.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Na ce bari in canja masa. Kafin tafiyar nan muna tsakiyar wani mai dogon zango na Koriya, na 'yar sanda mai tari, wadda ke neman wanda ke kashe masu gadi. Ban ci gaba da shi ba da ba ya nan. Matan unguwa duk sun gama, kowace bakinta na ƙaiƙayi ta gaya mini makashin, na ce duk wadda ta faɗa ta nemi wani tela da salla.

Na kunna daga inda muka tsaya. 'Yar sandar ta doshi wata ƙofa a rufe, ta kama mariƙi. Ya miƙa hannu ya kashe. Ya mayar da na tashar jirgi, numfashinsa ya daidaita.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Kusada da wansa Yaya Bishir. Ta kawo fura da man shanu da kaza a ɗaure. Ta rame ita ma, zanen ɗaurinta har ya yi mata yawa.

Tsautsayi, suna shigowa ana busa usur. Inna ta kalli kwamfuta, ta kalli ɗanta, ta ja da baya tana salati.

"Ɗiyata, mi yake kallo haka?"

Na durƙusa na ce, "Fim ne, Inna. Tsoho ne, ya saba da shi."

"Mutum ya hito daga inda ya hito, ba ya magana, ba ya kwana, sai kallon aljannu? Ai ba shi ke kallo ba. Waɗanda suka biyo shi ne ke kallon 'yan'uwansu."

Ni ma dai ban san dalilin ba.

Yaya Bishir ya ce, "Rauda, ba laihinki muka gani ba. Amma abin ga ba ya ƙara kwana gidan nan." Ya rufe kwamfutar fim na tsaka da tafiya, ya naɗe wayar wutarta ya sa a hammata. Baban Ummi ya bi ta da ido har zaure. Da ya yi faɗa ma da na fi jin daɗi.

Sun yanke shawara. In bai yi sauƙi ba zuwa Laraba za su tafi da shi Kusada, wurin Modibbo, malamin da ya karantar da su tun suna yara, a yi masa rubutu da addu'a. Ba waya, ba kallo. Ni kuma in zauna nan in huta. Haka aka ce, in huta. Na gane hutun, tunda ni ce mai kunna masa.

Da za ta tafi Inna ta shafa kansa, ta tsaya a goshi, ba ta sauko kan ido ba. Ita ma ta lura ashe.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Yana zaune yana kallon wurin da kwamfutar take. Idonsa ja wur. Ko faɗuwar murfin tukunya sai ya zabura. Tuwon ma ya bari.

Laraba, 15 ga Oktoba, da azahar

Sun tafi da shi. Na zuba masa rigunan da na tsaga, duk na yi musu maɓallai. Na ce wa Inna kada a ba shi mai zurawa. Ta ce ta ji.

Na riga na san yadda gidan nan yake in ba ya ciki. Ban zaci zan sake sani da wuri haka ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Yaya Bishir a waya: ya sha rubutu, bai yi barci ba. Na ce in zo? Ya ce a dai ƙara haƙuri.

Asabar, 18 ga Oktoba, da la'asar

Na aika wa Ɗanmaliki wayata na ce ya tura mini na tashar jirgi daga kwamfutar da ta rage a shago. Ya bugo ta wayar maƙwabciya yana dariya, "Ke Rauda? Ke da ko kyankyaso..." Na ce ya tura ko ya dawo mini da wayata.

Da rana tsaka na kalla, ƙofa a buɗe, labule a ɗage, na yi Ayatul Kursiyyu na tofa ko'ina har da keke. Aka busa usur. Na sa yatsu na riƙe fatar idona.

Wani dogon tsoho ne aka shafa masa farar ƙasa a fuska, da haƙoran roba, ɗaya ma ya karkace. Shi ke nan. Shekara da shekaru ina ɓuya a tafin hannun mijina saboda wannan bawan Allah da ko akuya ba zai kora daga shanya ba. Na yi dariya, amma sai da na waiga taga.

Wurin da ya kayar da ni daban ne, kuma ba a taɓa ce mini in rufe a nan ba. Mijin ya ɗauki fitila ya tafi duba layin dogo, matar ta tsaya a bakin tasha da kare tana jira. Ba kiɗa, ba aljani. Tsayuwa kawai take yi tana kallon hanya. Da can a nan nake tashi in ɗebo mana ruwa. Yau na kife wayar na yi kukan da ban yi ba ranar da ya dawo.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Na sake kallo, na kuma sakewa. Yanzu na san komai. Kare zai yi haushi, fitila za ta yi rawa, sai usur, sai tsoho. Ko gabana bai faɗi ba. Har gaishe shi na yi, na ce sannu Baba, an iso?

A nan na gane. Wannan tsoron mai ladabi ne. Yana sallama kafin ya shigo, an san daɗewar da zai yi, kuma in lokacinsa ya cika yana tafiya. Baban Ummi ya fito daga inda ba a sanin abin da zai faru in an jima, ba a kuma barin mutum ya gani, ido a ɗaure. Abu ɗaya ya samu a duniya da ba zai zo masa ba zato ba, mu kuma muka naɗe masa waya muka sa a hammata.

An hana shi waya. Ba a hana shi matarsa ta yi masa hira ba. Gobe zan tafi, ko an ce in zo ko ba a ce ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, Kusada, bayan la'asar

Na iso da hantsi, gida cike da damman gero, mata na sussuka. Inna ta gan ni ta ce, "Kin zo." Na durƙusa na miƙa mata wayata na ce ta ajiye a wurinta. Ta juya ta, ta tura ƙarƙashin filo.

Na tarar Modibbo zai fita daga wurin mijina, tsoho mai sanyin murya. Na ji yana ce wa Yaya Bishir, "Ni dai na yi abin da na sani, kuma ba zan bari ba. Amma ban ga kowa a jikin yaron ga ba sai gajiya. A roƙa mishi barci."

Baban Ummi yana ɗakin Inna, jingine da bango, ido a ƙofa. Ya ƙara zubewa. Na zauna inda zai iya ganina da ƙofar gaba ɗaya, na ce, "Baban Ummi, na zo da na tashar jirgi. A baki na zo da shi, sai ka yi haƙuri da fassarar."

Na fara. Na yi muryar miji, na yi ta mata, na shaƙe hanci na yi ta tsohuwa kamar yadda mai fassarar ke yi. Idonsa ya baro ƙofa ya dawo kaina. Na kai inda suka sauke kaya, na ce sai aka busa usur.

"Kin tsallake kare."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na ji ta har tafin ƙafata. Na daure ban yi kuka ba, don na san in na yi zai koma ciki. Na harare shi na ce, "To sannu, mai shago. Kai ka ba da labarin mana."

"Sai ya yi haushi tukuna," ya ce.

Na yi haushin kare a ɗakin surukata, da girmana. Na ji sussuka ta tsaya a tsakar gida. Na yi rawar fitila. Sannan ya dube ni sosai.

"Kin kalla? Ke kaɗai?"

"Da idona biyu. Haƙorinsa ɗaya a karkace yake, ka cuce ni shekara da shekaru."

Gefen bakinsa ya motsa. Na kama hannunsa, ban kai nawa kusa da fuskarsa ba. Na ce, "Yanzu za a busa usur. Rufe."

Ya damƙe hannuna har zobena ya shige nama. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni. Fatar idonsa ta sauko tana rawa, ta koma, ta sake saukowa. Na ci gaba da labari a hankali, tsoho ya leƙo, matar ta ja labule, kare ya shige ƙarƙashin gado.

Ido a rufe ya ce, "Rauda, ya wuce?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma a gidanmu ba a faɗin wannan kalmar sai in gaskiya ce, shi ya rantse a kan haka, kuma na san ba tsoho mai haƙoran roba yake tambaya ba.

Na ce, "Bai gama wucewa ba. Amma ni ina kallo. In ya wuce zan gaya maka."

Hannun ya fara sakina kaɗan-kaɗan. Kansa ya gangaro kafaɗata.

Inna na tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta juya ta ɗaga wa masu sussuka hannu, aka jingine taɓare. Ta kore kaji da gefen mayafi. Ta dawo ta zauna a dokin ƙofa ta ba mu baya, tana share fuska, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ɗiyata, kada ki motsa. Na sa a kai kayanki ɗaki."

Da hannu ɗaya nake rubutun nan, a kan gwiwa. Kafaɗata ta mutu, an kira la'asar tuni, ban tashi ba. Yana minshari, wannan minsharin da na sha yi masa gori a kai. Idona a buɗe yake.